Turaku Uku da Ƙwallon Baduku

Jawabin da wani ɗan ƙungiya, ɗan kasuwar doya da hatsi, ya gabatar a taronmu na ƙarshen shekara a nan Minna. Mun buga shi yadda ya faɗa, in ban da 'yan gyare-gyare.



Da Sakatare ya same ni a rumfa ya ce bana ni zan yi jawabin taro, kuma wai a kan wasannin da, sai na ce masa to, amma fa kada ya yi kuka da ni. Na san abin da yake tsammani. Jira yake ya ji dambe da kokawa da langa, ko labarin yadda garin nan ya ruɗe a shekarar 2000 da Niger Tornadoes ta ci Rangers ta Inugu ta ɗauko kofin ƙalubale. Duk ba wannan zan yi ba. Ni a kan kurket zan yi magana. Na ga wani Alhaji can yana dariya. Yi abinka, Alhaji, ni ma da wani ne ya tashi ya faɗi haka da na yi.

Kun san ni dai. Ban yi boko ba, Islamiyya na yi, daga nan sai kasuwa. To ina ɗan Islamiyya mai sayar da doya ya gamu da wasan Turawa masu fararen kaya? Shi ne labarin da na zo da shi. A ƙarshensa kuma akwai maganar filin nan namu na bayan makaranta, wanda kwamiti zai zauna a kansa. Ba zan ɓoye muku ba, saboda ita na yarda na karɓi lasifikar nan.

Bari in fara da yadda ake wasan, don na san yawancinku ko a talabijin kuka gan shi canja tasha kuke yi. Mutum 11 ne kowane gefe, kamar ƙwallon ƙafa. A tsakiyar fili akwai wani zirin wuri da ake sharewa a daɓe, tsawonsa yadi 22. 'Yan yadi da ke cikinmu sun san iyakar wannan. A kowane ƙarshe ana kafa turaku uku, a ɗora 'yan ƙirare biyu a bisansu. Gefe ɗaya su ne masu duka, suna shigowa biyu-biyu, kowa da sanda mai faɗi kamar allo mai dogon wuya. Ɗaya gefen kuma su ne masu jifa da tarewa. Mai jifa zai sheƙo a guje ya wurgo ƙwallo hannunsa a miƙe, ta daki ƙasa ta taso, nufinsa ya kayar da turakun nan. Kai mai sanda aikinka ka tsare turakunka, ka doke ta ta yi nisa, kai da abokinka ku yi musayar wuri a guje. Kowace musaya maki 1. In ta gangara ta wuce iyakar fili maki 4, in ta tsallake ta sama ba ta taɓa ƙasa ba maki 6. In ta kayar da turaku, ka mutu, sai ka fita wani ya shigo. In ka doka wani ya cafe kafin ta sauka, ko da gefen sandarka kawai ta shafa, nan ma ka mutu. Ku riƙe wannan ta ƙarshen, za mu dawo kanta. Jifa 6 shi ne zubi ɗaya, sai wani ya karɓi jifan. In mutum 10 suka mutu, ko adadin zubin da aka yanka ya cika, sai a juya, masu jifa su koma duka. Wanda ya fi maki shi ya ci. Akwai sauran ƙa'idodi birjik, amma da wannan ma za ka iya zama ka yi kallo.

Mu nan mun taso mun ɗauka wasan Razdan ne da Di'o. Ashe can Ingila wasan ƙauye ne. Ɗana da ke Jami'ar Fasaha ta nan garin shi ya zauna da ni muka bi tarihin, don kada in zo in yi muku ƙarya a gaban malamai. Tun a 1744 aka rubuta dokokinsa. Akwai wani ƙauye a kudancin Ingila ana ce masa Hambledon, wanda kulob ɗinsa ya gagari kowa a wancan zamani, har a 1777 suka kara da zaɓaɓɓun sauran ƙasar suka ba su kashi. Wani abin da ya ba ni dariya, ashe da can turaku biyu ake kafawa. A wajen 1775 wani gwanin jifa ya wurga wa gwanin ƙauyen nan ƙwallo, ta bi ta tsakanin turakun ta wuce ba ta taɓa ko ɗaya ba, har sau uku. Aka ga an zalunci mai jifa, shi ne aka ƙara na tsakiya. Daga baya a 1787 manyan Landan suka kafa nasu kulob ɗin, dokoki suka koma hannunsu, amma ƙauyuka ba su daina ba. In lokacin zafinsu ya zo, ran Asabar ko Lahadi sai wannan ƙauye ya tafi wancan. Maƙeri ya jefi ɗan mai gona, malamin makaranta ya yi alƙalanci, a tsakiyar wasa a tsaya a sha shayi da abin taɓawa da mutanen gari suka haɗa. A 1972 har gasa aka buɗe ta ƙauyuka zalla, ɗaruruwansu suka shiga, aka buga na ƙarshe a filin Lord's na Landan, wanda shi ne babban filin kurket a wurinsu. Wani ƙauye mai suna Troon ya ci ta farko.

A ƙasarmu ta wata ƙofar ya shigo. Turawan mulki suka zo da shi, kuma a 1904 aka yi karawar farko tsakanin Ikko da Gwalkwas, wato Gana ta yanzu. Shekarar nan ce ma aka haifi Zik a nan Zungeru kusa da mu, lokacin tana hedkwatar Arewa, kafin a koma Kaduna a 1917. Ƙungiyar wasan ma biyu aka yi: ta Turawa a 1932, ta 'yan ƙasa a 1933, ba su haɗe ba sai 1957. Nan Arewa kuwa makaranta ce ta riƙe shi. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda ta koma Kaduna, ta koma Zariya ta zama Barewa, an koya wa ɗalibanta kurket tare da wasan nan na bango da ake bugawa da tafin hannu, fayif. Shi fayif ya kama ƙasa. Sardauna, Allah ya jiƙansa, ya shahara da shi, ya riƙa buga shi har yana Firimiya, kuma Katsinawa da Sakkwatawa da ke cikinmu sun san bangayensa a garuruwansu. Dalili a fili yake: bango da ƙwallo ɗaya sun ishe ka. Kurket kuwa sai fili babba, sai kaya masu tsada, sai wuni guda. Don haka ya tsaya bayan waya, a makarantun gwamnati da kulob ɗin Turawa. Talaka iyakarsa leƙe.

To mu ta ina muka same shi? Ta reluwe, kamar yadda kusan komai na garin nan ya zo. Kun san dai jirgin nan shi ya kawo kakanninmu. Layin da ya taso daga Baro ya isa Kano a 1911, na Ikko ya zo ya haɗu da shi a nan Minna, sai Bahaushe ya biyo, wani lebura, wani ɗan koli, wani malami, suka sauka a ƙasar Gwarawa, ko Gbagyi yadda suke kiran kansu, aka ba su wurin zama. Kakana daga ƙasar Kano ya zo, da buhun goro da ba nasa ba.

A unguwarmu akwai wani tsoho Banufe, ya yi ritaya daga aikin juya wa jirgi layi. Baba muke ce masa, kowa da kowa. Yana yaro shi ke tsinto wa Turawan reluwe ƙwallo in suna wasa, a ba shi ahu ko kwabo. Da kallo ya koyi wasan, babu wanda ya taɓa miƙa masa sanda ya ce gwada. Abin ya zauna masa a rai shekara kusan 50. A ranin 1983 ya ga muna jifan ƙadangaru a wani fili da ke bakin layin dogo, ya kira mu ya ce tun da hannunku na ƙaiƙayi ku zo in nuna muku abin jifa.

Kayan wasanmu ku ji. Sanduna biyu wani kafinta ya sassaƙa mana da guntun maɗaci, nauyi kamar taɓarya. Turaku muka yanko a daji muka fiƙe, ƙiraren sama kuwa karan dawa. Akwai ɗan Ibo guda a cikinmu, ubansa na sayar da kayan keke, shi ya riƙa kawo tsohuwar robar taya. Baba ya yayyanka ta siri-siri ya nannaɗe a jikin ɗan dutse har ta kai girman lemo, ya kai wa baduku a kasuwa ya ɗinke ta da jar fata. Ta gaskiyar ma ai jar fata ce, nauyinta wajen giram 160. Tamu ba wanda ya auna, amma in ta same ka a ƙwauri sai ka kira sunan uwarka. Kwali muke ɗaurawa a ƙafa da tsumma. Safar hannu kuwa sai dai labari.

Mu 11 ɗin, Hausawa biyar ne, Nufawa biyu, Gwarawa biyu, Bayarabe ɗaya, sai ɗan Ibon nan. Matsalar farko ita ce ta rana. Mu 'yan Islamiyya hutunmu Alhamis da Juma'a, 'yan boko nasu Asabar da Lahadi. Baba ya lissafa ya ga Juma'a bayan la'asar ce kaɗai kowa ke sake, ita ta zama ranarmu. Matsala ta biyu mahaifina. Allah ya jiƙansa, mutum ne mai zafi, ya ce ɗansa ba zai bar rumfa ya tafi guje-gujen Nasara ba. Baba ya sa babbar riga ya zo har zaurenmu. Ina laɓe ina ji. Bai yi masa gardama ba ko kaɗan. Cewa ya yi, "Alhaji, yaron nan dai zai fita ko ka so ko ka ƙi. Gara ya fita inda idona yake." Mahaifina ya yi shiru, can ya ce in an kira magariba ya gan ni a sahu. Sharaɗin ke nan, kuma ban taɓa karya shi ba sai ran da zan ba ku labari.

Kada in cika muku baki, ba kulob ne mai rajista ba, ko suna ba mu da shi. Kuma ba mu da abokan karawa. 'Yan sakandare da malamansu Indiyawa da 'yan Pakistan, waɗanda suka cika makarantun Arewa a lokacin, suna yi da kaya na gaske, amma wa zai kula mu? Sai Allah ya haɗa Baba da wani malamin firamare da ke koyarwa a wani ƙauye mai ƙaramar tasha tsakanin nan da Zungeru. Shi a kwalejin horon malamai ya koyi wasan, yana kuma koya wa yaransa. Suka shirya: su zo mana sau ɗaya, mu je musu sau ɗaya, kowane rani. Haka aka yi shekara uku, 1983 da 1984 da 1985, karawa shida ke nan. Sun ci huɗu, mun ci biyu. Ɗaya daga cikin biyun nan ita ce maganata.

Ana saura 'yan kwanaki a yi canjin kuɗi na Afrilun 1984 ne, manya sun tuna wannan wata, musamman waɗanda suka kwana a layin banki. Ran Asabar, 'yan boko na hutu, mu kuma Baba ya je ya roƙar mana izini wurin malam. Da kuɗin fanshonsa ya yankar mana tikiti. Yawancinmu ranar muka fara shiga jirgin da muke kwana muna jin kukansa. Muka sauka da hantsi, muka tarar ƙauye ya fito. Filin firamare ne, an share, an zuba toka an ja iyaka, layin dogo na wucewa ta gefensa. Tsofaffi sun jeru gindin mangwaro. Ba na jin akwai mutum uku a cikinsu da suka san dokar wasan, amma sun san 'ya'yansu za su kara da 'yan birni, wannan ya ishe su.

Su suka fara duka, an yanka zubi 15 kowane gefe. Jama'a, yaron da ya tashi yana tada kunyar doya da garma, in ya riƙe sanda sai ka tausaya wa ƙwallo. Sau biyu muna shiga gonar rogo nemanta. Suka tara 61. Aka tsaya. Turawa shayi suke sha a nan, mu kuwa matan ƙauyen suka ɗauko mana dafaffiyar doya da manja da yaji, da kunu a ƙwarya, a kafaɗa yadda suka saba ɗaukar kaya, ga mangwaro tuli. Masu salla muka yi azahar a gindin bishiya tare da waɗanda suke Musulmi a cikinsu, sauran suka tsaya nesa suna jiranmu, ba wanda ya ce da wani komai.

Da muka shiga duka sai suka fito mana da wani dogo. Kai! In ya taho a guje ƙasa har amsawa take. Ɗaya bayan ɗaya ya riƙa kwashe mu. Bayaraben nan namu kaɗai ya tsaya masa, yana tarewa yana ɗiban ɗaya-ɗaya da biyu-biyu. Muna 53 mutum na tara ya mutu. Saura ni, ɗan shekara 13, mafi ƙanƙanta, wanda aka ajiye a ƙarshe don ba a sa ran komai daga gare shi. Muna neman 9.

Jifan farko na rufe ido na tare, ban san yadda aka yi ba. Na biyu ya taho ta gefen dama, na kai sanda, ƙwallo ta shafi bakinta ta wuce. Na ji a hannuna, na ji a kunnena, ƙas. Wani gajeren yaro da ke tsaron bayan turaku ya yi tsalle ya cafe. Daidai wannan lokaci jirgin kaya na wucewa yana kuka. Yaran ƙauye suka ɗaga hannu suna ihu ya mutu, ya mutu. Baba shi ne alƙali a gefen mai jifa, ga shi kunnensa ya yi nauyi saboda shekarun da ya yi cikin ƙarar inji. Ya jira jirgi ya wuce. Ya tako har inda nake, ya ce, "Ɗana, ta taɓa?"

Tun ran da ya fara koya mana ya gaya mana cewa a wannan wasa, mutumin kirki in ya san ta taɓa ba ya jiran alƙali, saɓa sandarsa yake ya fita. Na san wannan. Kuma a Islamiyya a lokacin mun wuce surar nan da ke magana a kan masu tauye mudu, malam ya yi mana bayaninta har da misalin 'yan kasuwa. Duk na sani. Na dubi abokaina a bakin fili sun zuba mini ido. Na ce, "Ba ta taɓa ba, Baba."

Ya ce a ci gaba. Gajeren nan ya dube ni, bai ce uffan ba, ya mayar wa dogo ƙwallo. Na samu na ɗebi ɗaya, Bayarabe ya karɓi duka ya maka huɗu, ya sake maka huɗu, wasa ya ƙare. Aka ɗaga ni sama kamar ni na yi aikin. Mutanen ƙauyen nan, Allah ya saka musu, har tasha suka raka mu da kwandon mangwaro.

Jirgi ya yi latti, magariba ta same mu a hanya, na san bulala na jirana a gida. Amma ba ita ta dame ni ba. A cikin tarago Baba ya bi kowa yana sa masa albarka, ya tsallake ni. Sai da muka hango fitilun Minna ya zo ya zauna kusa da ni, ya zaro ƙwallon daga aljihu ya sa mini a hannu. Ya ce, "Riƙe wannan. Kai ka san abin da ta taɓa." Bai ƙara tayar da maganar ba har ya bar duniya. Ga ta nan, na zo da ita. Ɗinkin ya saki ta gefe ɗaya, shekara 40 da ɗoriya ba wasa ba.

Bayan 1985 abin ya watse. Aka yi wa malamin nan canjin wurin aiki, Baba ya kwanta ciwo, jirgi ya fara zuwa yau gobe babu. A watan Agustan shekarar ne kuma yaranmu 'yan ƙasa da 16 suka ci kofin duniya na ƙwallon ƙafa a ƙasar Sin, daga ranar duk yaron da ke garin nan ba ya son ganin komai sai tamaula. Da darajar Naira ta karye daga 1986, malaman nan Indiyawa suka riƙa tattara kayansu, ko a makarantun ma wasan ya ja baya. Sandunanmu na maɗaci na tabbata wata ta hura wuta da su.

Saura kashi na biyu na labarin. A 1998 mahaifina ya rasu, rumfa ta dawo kaina, da bashi a kanta. Na shiga ƙauyuka sayen doya da kaina, kuɗin hannuna ko rabin mota ba za su cika ba. Ran wata kasuwa ina tsaye gaban wani tulin doya ina ta lissafi, mai ita wani gajeren mutum ya ƙura mini ido. Can ya ce, "Kai ne wanda ba ta taɓa ba."

Wallahi jama'a da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce masa ta taɓa. Shekara 14 ke nan, ranar na fara faɗa da bakina. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira mutane yana ba su labari da Gwaranci suna dubana. Da ya gama ya tambaye ni nawa nake nema. Na gaya masa abin da ke aljihuna. Ya ce a loda mini ƙwarya 6 bayan wadda na biya, wato doya 600, in na sayar in kawo. Ba takarda, ba shaida. Na ce, "Maigida, ka san na taɓa yi maka ƙarya, yaya za ka ba ni bashi?" Ya ce, "Ai ni ke bayanka ran nan. Na ga ƙafarka na rawa har aka tashi. Wanda ƙarya ta wahalar haka ba zai iya cin kuɗina ba."

Daga Kano na dawo na wuce kai tsaye wurinsa, ko gida ban biya ba. Tun daga ranar har yau hannunsa nake sayen doya. Ya zo sunan 'ya'yana, na je bikin nasa. Duk lokacin da aka samu 'yar tsama tsakanin 'yan kasuwarmu da manoman wajensu a kan farashi ko dillanci, mu biyu ake nema mu shiga tsakani, wasunku a nan sun shaida. Rumfar da kuke gani, da motocin nan biyu, asalinsu ƙwarya shidan nan ce.

Shi kurket ɗin bai mutu a ƙasar nan ba, don kada samari su ce tatsuniya nake. Nijeriya ta shiga hukumar wasan ta duniya a 2002. Samarinmu 'yan ƙasa da 19 sun je gasar duniya a Afirka ta Kudu a 2020. A watan Janairun 2025 'yan matanmu, su ma 'yan ƙasa da 19, suka ci New Zealand da maki 2 a gasar duniya a Malesiya, alhali ita ƙasa ce da wasan ya zauna mata tun kaka da kakanni. An kuma sa shi cikin wasannin Olamfik na 2028 a Amurka, rabonsa da shiga tun 1900. Amma ni ban zo in ce 'ya'yanmu su koma kurket ba. Su buga abin da suka ga dama.

Filin da Baba ya koya mana wasa, yau in ka je shaguna ne da garejin makanikai. Tun da Minna ta zama babban birnin jiha a 1976 gari ke cin filayensa, kun gani da idonku daga Bosso har Chanchaga. A duk kewayenmu wanda ya rage shi ne namu na bayan makaranta. Yanzu an kawo shawarar a yanka shi shaguna, kuɗin haya ya riƙa biyan malamai, a kuma gyara rufin azuzuwa. Ba shawarar banza ba ce. Malamanmu na bin mu albashi, ajin 'yan mata na yoyo, na sani, ina cikin masu karɓar gudummawa. Kuma don kada wani ya tona ni a bayan ido gara in tona kaina: ni ma na ba da kafin alƙalami na shago biyu. Ma'aji na nan, yana da rasit.

Ran Juma'ar da ta wuce bayan la'asar na je na tsaya a bakin filin, da niyyar in ga inda shagona zai faɗo. Na tarar da yara sun fi 40 suna tamaula. Na tsaya ina sauraron sunayen da suke kiran juna. Namu na ciki, ga na Gwarawa, ga na Nufawa, ga na Yarabawa, har da waɗanda na san coci iyayensu ke zuwa. Makarantunsu daban, wurin ibadarsu daban, ko kasuwa yanzu kowa da layinsa. Na yi ta tunani a ina kuma yaran nan ke haɗuwa in ba nan ba, ban samu ba. Mu fa zuwa muka yi aka ba mu wuri. Ɗana in ya gaji rumfa, wurin 'ya'yan mutanen nan zai je sayen doya, kuma ina so ya tarar da wanda ya san shi tun yana gudu ba takalmi.

Don haka, ranka ya daɗe Shugaba, ga roƙona ga kwamiti. Na auna filin da ƙafata. In aka ja shaguna layi ɗaya ta bakin titi, ƙofofinsu na duban waje, za a samu kamar kashi ɗaya cikin uku na abin da aka tsara, tsakiya kuma ta tsira, shagunan ma su zame wa yara katanga daga motoci. Kuɗin ba zai kai yadda aka so ba, gaskiya ne. Giɓin sai mu 'yan kasuwa mu zauna mu raba a tsakaninmu, ni na fara: kuɗin shagona biyu na bar wa rufin aji, Ma'aji ya rubuta. Abin da ya rage na filin kuma a sa shi a takarda cewa na wasan yara ne, a kai wa mai unguwa ya sa hannu, don kada bayan ba mu wani kwamiti ya sake dawo da maganar.

Abokin nan nawa na gaya masa zan ba da labarinmu yau. Ya ce in gaya muku har yanzu suna bin mu wasa ɗaya, kuma yana da jikoki sun fi 11. Na ce masa in fili ya tsira za mu aika musu, ko da tamaula ce, doya da manja kuma wannan karon mu za mu dafa.

Ƙwallon ga ta nan a kan tebur. Samarin da ke son gani su zo su taɓa bayan an tashi, amma don Allah a dawo mini da ita.